Ogan, Tulu da Muryar Jama'a: Da Me 'Yan Lutaran Ke Waƙa a Ƙasashenmu?

Duk wanda ya taɓa kwana a Gumbihini, ɗaya daga cikin unguwannin Tamale, ya san kunne ke riga ido tashi. Ladanai ne ke buɗe gari, na kusa da na nesa, wannan bai sauke ba wancan ya ɗauka. Sai babura su biyo baya, don Tamale garin babur ne, maza da mata kowa da nasa. In ranar suna ce ko ta zaman makoki, lunsi za su fito, wato makaɗan Dagomba, kowa da lunga a hammata, suna jero wa mutum kakanninsa har sai ya sa hannu a aljihu. Bahaushe ba ya neman tafinta a nan. Ya san kalangu, ya san maroƙi, gogen da Dagomba ke kira gonje ma ba baƙonsa ba ne.

Ranar Lahadi da hantsi sai wani sautin ya kutso: kibod da ganga da lasifika daga majami'un da ke warwatse cikin wannan gari mai rinjayen Musulmi. Wani abokina, malamin makaranta a Tamale, shi ya jefo tambayar da ta haifi wannan rahoto. Ya ga bidiyon wata majami'ar Lutaran a Jamus, mawaƙa sun jeru cikin riguna iri ɗaya, bayansu bango guda cike da bututun ƙarfe yana ruri kamar hadarin Agusta. Ya ce mini, "To malam, 'yan Lutaran na nan ƙasashenmu fa, da me suke waƙa?"

Amsar sai da tafiya. Gana tana da nata cocin Lutaran, wanda aka fara a 1958, kuma yana da ikilisiyoyi a ƙasar Bimoba da Konkomba, arewa maso gabas da Tamale. Amma inda mabiya Martin Luther suka yi yawa, suke kuma sujada da Hausa kowace Lahadi, shi ne Adamawa a Nijeriya. Cocin da aka fi sani da LCCN, mai hedkwata a Numan, yana da mambobi sama da miliyan 2, kuma babban bishop ɗinsa Musa Panti Filibus ya shugabanci Tarayyar Lutaran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. Don haka a Numan za mu yada zango. Kafin nan, bari mu duba wancan bangon bututu.

Sarewa dubu a hannun mutum ɗaya

Ogan sarewa ce da aka tara ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, aka danƙa wa mutum ɗaya ya busa su duka. Kowane bututu muryarsa ɗaya, ba ƙari ba ragi. Dogo ya yi kauri, gajere ya yi siriri. A manyan ogan akwai bututun da ya kusa mita 10, akwai wanda bai kai fensir ba. Iskar daga zugazugi take zuwa, irin na maƙera sai dai ya ninka shi girma, ta taru cikin akwati a gindin bututun. Makaɗi ya danna maɓalli, wata 'yar ƙofa ta buɗe, iska ta shiga, bututu ya yi magana. Hannu biyu na aiki, ƙafa biyu ma na taka nasu maɓallan a ƙasa. Kafin zuwan lantarki sai an tanadi ƙarti a bayan fage suna taka zugazugi har a tashi; in suka gaji, waƙa ta mutu a baki.

Katako ne da fata da manne da dalma. Wanda ya san hunturun Tamale ko zafin Afrilu a Numan ya riga ya hango sauran labarin. Fata ta bushe ta tsage, katako ya dare, ƙura ta toshe bakin bututu, zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki, gara kuma tana jira daga ƙasa. Zafi kaɗai ya isa ya karkata muryar bututu har a nemi mai saiti, shi kuwa mai saitin sai an ɗauko shi daga nesa. Shi ya sa a Nijeriya ogan mai bututu ya fi zama a bakin teku, musamman babbar majami'ar Angilikan da ke Marina a Legas, inda T.K.E. Phillips ya horar da Fela Sowande da Ayo Bankole a kiɗan ogan. Bankole ɗin ma haifaffen Jos ne, a 1935, amma a Legas ya sami ogan ɗin da zai koya. Abin da mishan suka fi shigowa da shi cikin ƙasa shi ne ɗan akwatin nan da ake taka wa iska da ƙafa, harmoniyom, wanda aka ƙera a Faransa a shekarun 1840, mai ɗaukuwa a ka ko a kwalekwale.

Abin da Luther ya nema

Ga abin da bidiyon abokina bai nuna ba: a zamanin Luther kansa ogan ba ya raka jama'a waƙa. Yakan yi nasa, mawaƙa su yi nasu, a karɓa-karɓa. Sai bayan kusan shekara 100 aka saba da ogan yana jan ikilisiya baiti bayan baiti. Luther, wanda aka haifa a 1483, ya tarar da sujada da Latin, limamai da yaran mawaƙa na rerawa, manomi da matarsa na tsaye suna kallo. Wannan shi ya dame shi. Mutum ne mai murya, yana kuma kaɗa wani irin molo na Turawa, sai ya zauna ya tsara waƙoƙi da Jamusanci, sama da 30. A 1524 aka buga ɗan littafin farko mai waƙa 8 kacal, 4 daga ciki nasa ne. A shekarar ce abokinsa Johann Walter ya fitar da littafin ƙungiyar mawaƙa, a 1526 kuma tsarin sujada da Jamusanci ya fito. Fitacciyar waƙarsa, wadda ya gina kan Zabura ta 46, har yau ana rera ta da harsuna masu yawa.

Sauran masu gyaran coci na lokacin ba su bi shi ba. A Zurich, ƙarƙashin Zwingli, an yi wa ogan shiru, a 1527 aka ciccire na babbar majami'ar garin. Calvin a Geneva ya yarda da Zabura kawai, da murya zalla. Luther kuwa ya ajiye kiɗa daf da ilimin tauhidi, ya kuma ƙi amincewa da malamin makarantar da bai iya waƙa ba. Daga wannan gida Johann Sebastian Bach ya fito. Yana saurayi, a 1705, ya taka da ƙafa kimanin kilomita 400 daga Arnstadt zuwa Lübeck don kawai ya ji kiɗan wani dattijo mai suna Buxtehude. Daga 1723 har rasuwarsa a 1750 shi ne shugaban mawaƙan majami'ar Thomas a Leipzig, kuma kimanin 200 daga waƙoƙin Lahadin da ya tsara sun iso mana. Duk gwanintar da zai zuba a cikinsu, yawanci yakan rufe da sassauƙar waƙar da kowa a majami'ar ya haddace tun yana yaro.

A Danmak ma haka abin ya ɗore. Kingo da Brorson sun bar nasu waƙoƙin, Grundtvig shi kaɗai ya rubuta waƙoƙin sujada kusan 1,500 kafin ya rasu a 1872. Daga wannan ƙasa mai son waƙar taro wani likita ya taso ya nufi kogin Binuwai.

Numan, 1913

Niels Brønnum ya iso Nijeriya a farkon 1913 tare da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose, a ƙarƙashin reshen Danmak na mishan ɗin SUM. Sun tsaya a Rumasha suna koyon Hausa. A can matar ta rasu bayan haihuwa, Dagmar Rose ta koma Turai da jaririn, shi kuma ya ci gaba shi kaɗai har ya sauka Numan, mahaɗar Binuwai da Gongola, ranar 5 ga Oktoba. An yi baftisma ta farko a 1916, an naɗa fastocin farko 'yan ƙasa su 5 a 1948, a tsakiyar shekarun 1950 cocin ya tsaya da ƙafarsa. Akila Todi ya zama shugabansa ɗan ƙasa na farko a 1960, ya zama bishop a 1973.

Wani abin lura ga mutanen Dagbon, ƙasar Dagomba: a wannan shekara ta 1913 ne mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi, lokacin tana hannun Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashe su a 1916. Da an bar su, wa ya sani, ƙila da waƙoƙin Jamus sun daɗe da shiga bakin Dagomba.

A Numan matsalar harshe ta taso tun da wuri, kuma ita ce zuciyar wannan labari. Luther ya ce kowa ya yi waƙa da harshen gidansu. To, wane harshe? Numan ƙasar Bacama ce, kuma Brønnum ya fassara Bisharar Markus da Bacama, aka buga a 1915. Amma aikin ya bazu zuwa Mbula da Bata da Lunguda da Kanakuru da Yungur da Camba da Kilba, kowa da harshensa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma in za su taru a reshe ɗaya dole a sami kukan da duka suka iya. Hausa ce ta zama wannan. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, Littafin Waƙoƙi na Hausa ya zama na kowa a majami'un Arewa, makarantun masu bishara ma da Hausa suke koyarwa. Sai ga abin mamaki: mutanen da yawancinsu ba Hausawa ba ne, waɗansu ma kakanninsu sun yi yaƙi da daular Fulani ta Fombina don kada a mallake su, su ne suka zama manyan masu rera waƙar Hausa a coci, suka kuma gina mata wani reshe na adabi da Kanawa da Katsinawa da yawa ba su san da shi ba.

Inda gaɓa ke karyewa

Fassara waƙa ba kamar fassara wasiƙa ba ce. Waƙar Turawa ta zo da amonta a ɗaure: nan a ja, nan a gajarta, nan a hau, nan a sauka. Hausa kuwa tana da nata hawa da sauka a cikin kalma, da nata ja da gajartawa. Gari na zama daban, gari na tuwo daban, tsawon wasali ne kawai ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuya na jiki, suna na mutum da suna na "suna zuwa", duk kunne ne ke rarrabewa. Mawaƙan Hausa, daga masu waƙar wa'azi na ƙarni na 19 har zuwa makaɗan fada, a kan nauyin gaɓa suke gina waƙa, mai nauyi a wurinta, marar nauyi a wurinta. Idan aka ɗora kalmomin Hausa kan amon da aka yanka don Ingilishi ko Jamusanci, sau da yawa dogon sauti kan faɗa kan gajeriyar gaɓa, kalma ta fito a karkace. Wanda ya tashi da waƙoƙin ba ya ji, don ya saba. Baƙo Bahaushe da ya shiga karo na farko kan tsaya yana tambayar kansa ko Hausa ake yi.

Ba raina aikin masu fassarar nake yi ba. Da kayan da suke da shi sun yi ƙoƙari, kuma waɗannan waƙoƙi sun raka mutane bikin aure da jana'iza shekara da shekaru. Tsohuwa da idonta ya daina ganin rubutu za ta rera maka baiti biyar ba tuntuɓe. Ƙungiyoyin mawaƙa, waɗanda ake ce wa kwaya (a kula da ƙugiyar, don ƙwaya wani abu ne daban), sun koyi rera su da murya huɗu: siririya da mai bi mata daga mata, matsakaiciya da mai kauri daga maza. Ba da rubutun kiɗa mai layi biyar suka koya ba, da do-re-mi ne, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, wanda malami zai rubuta a allo da alli. Ana haɗuwa da yamma sau biyu ko uku a mako, bayan an dawo daga gona ko ofis, a yi ta maimaita layi ɗaya har ya zauna. A nan gadon Walter da Bach yake raye, ko da babu bututu ko ɗaya. Tsarin sujadar ma na Lutaran ne sak: furta zunubi, roƙon jinƙai, karatu, shaidar bangaskiya, wa'azi, baiko, Jibin Ubangiji, albarka, fasto na rerawa jama'a na amsawa.

Tulu ya shigo coci

A yawancin tashoshin mishan na Arewa an daɗe ana ɗari-ɗari da ganga, don ana ganin ta tsafi ce da giya da rawar dare. Mata ne suka buɗe ƙofar. Zumuntar Mata, wadda kusan kowane coci a Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ke da ita, ta shigo da kayan da ba wanda zai ce na bori ne, don daga madafa da rijiya suka fito: tulun ƙasa da ake buga wa baki ya ba da murya mai zurfi, ƙwarya, gora mai duwatsu ko tsakiya, kuge. Mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa, kamar a daka ko a gaɗa. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, a taka a hankali daga ƙofa zuwa gaban bagade.

Waƙoƙinsu su suke tsarawa, kuma a nan Hausa ke miƙe ƙafa, don kalma ce ke jan amo. Suna ɗauko labarin Nuhu ko na Ayuba ko na budurwai goma su mayar da shi waƙa, suna kuma taɓa abin da ke cikin gida: miji mashayi, kishi, rainon maraya, gulma. Fasto na iya yin wa'azin minti 40 a manta kafin a kai gida; abin da Zumuntar Mata ta rera shi za ka ji ana yi a bakin murhu ranar Talata. In hukunci ake so, nawa ke nan: tulun nan ya fi ogan ɗin Leipzig kusa da abin da Luther ya nema a 1524.

Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta taso a farkon shekarun 1960 ta game coci-coci, ta ƙara faɗaɗa wannan hanya da nata mawaƙan masu amon gida. Rediyo ya kai abin nesa. A 1963 Tarayyar Lutaran ta Duniya ta buɗe gidan rediyo a Addis Ababa, Sarki Haile Selassie ya ƙaddamar. A Jos ake naɗar shirye-shiryen Hausa a ɗakin Muryar Bishara, a Ngaoundéré ta Kamaru ake yin na Fulatanci, a aika da faifai Habasha, a watso su ta gajeren zango. Gwamnatin soja ta Derg ta ƙwace tashar a Maris 1977. Wanda yake son jin duk waɗannan muryoyi wuri ɗaya sai ya je babban taron shekara na LCCN a Demsa, kusa da Numan, inda dubban mutane ke kwana a fili cikin rani, ƙungiya na sauka wata na hawa, da Hausa da harsunan gida.

Gana ta sha nata irin wannan gwagwarmaya. Ephraim Amu, malamin kiɗa a kwalejin Presbyterian ta Akropong, ya rasa aikinsa a farkon shekarun 1930 saboda ya hau mumbari da zanen gargajiya ya kuma dage kan ganguna da waƙar gida. Achimota ta ɗauke shi a 1934, daga baya ƙasar ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta sidi 20,000. A arewa, Peter Dery, tun yana bishop na Katolika a Wa, ya nemi izini aka shigar da harshen Dagaare da amon gida da kiɗan gyil, katakan nan masu goruna a ƙasa, cikin sujada. Shi ne ya zo ya riƙe Tamale daga 1974 zuwa 1994. Tambayar Numan ita ce tambayar Tamale.

Ranar da janareta ya mutu

Yau ogan ɗin talaka shi ne kibod na Yamaha ko Casio. Yana da araha, ba ya tsoron hunturu, kuma a cikinsa akwai maɓallin da ke kwaikwayon muryar ogan mai bututu, ko da yake samarin da ke kaɗa shi sun fi son maɓallin da ke buga ganga da kansa. Ba laifi ba ne. Ya jawo matasa, ya kuma ba yara da yawa sana'a. Inda nake da ƙorafi shi ne lasifika. An kai matsayin da mutum biyar masu makirufo ke waƙa, mutum 500 na motsa leɓe, ba mai jin muryar na kusa da shi balle tasa. In aka bi ta nan, an koma gidan jiya: 'yan kaɗan na rerawa a gaba, jama'a na kallo, sai dai wannan karon ba Latin ba ne ya rufe musu baki.

Na taɓa zama a wata majami'a a bakin Binuwai, ana tsakiyar waƙa ta biyu janareta ya yi tari ya mutu. Kibod ya ɗauke, makirufo ya ɗauke. Aka yi shiru na numfashi ɗaya. Sai wata dattijuwa daga layin mata ta ɗauki baitin daga inda ya faɗi, maza suka shigo daga ƙasa, wata ta jawo tulu. Ban taɓa sanin mutanen wurin sun iya waƙa haka ba, alhali na fi awa guda a cikinsu. Da wutar ta dawo har na ji haushi.

Akwai kuma asarar da ba ta da ƙara. Waƙoƙin Littafin Waƙoƙi suna da lamba, suna a rubuce, ba za su ɓata ba. Na Zumuntar Mata a ka suke. Mai tsara su sau da yawa ba a san sunanta ba ƙauye biyu daga nasu, in ta rasu rabin abin da ta sani ya bi ta. A ƙarshen 2014, da Boko Haram ta shiga Mubi da Hong da Gombi, an ƙone majami'u, mutane sun watse zuwa Yola da wasu wurare, ƙungiyoyin da suka shekara 30 suna waƙa tare suka rabu. Littafi ana sake bugawa. Waƙar da mutum shida kawai suka iya, in suka warwatsu, shi ke nan.

Cocin LCCN yana da makarantar tauhidi mai sunan Brønnum a Mbamba kusa da Yola, yana da ɗalibai daga kusan kowace ƙabila ta yankin, kuma kowane ɗalibi na da waya mai naɗar murya a aljihu. Roƙona ga shugabannin makarantar da dattawan ikilisiya, a Numan da Bunkpurugu ta ƙasar Bimoba da Tamale: a tura ɗaliban nan gida lokacin hutu su zauna da iyayenmu mata, su naɗi waƙoƙin, su rubuta kalmomin, su sa sunan wadda ta tsara da garinsu da shekarar. Sannan kowace Lahadi a ware waƙa ɗaya tak da za a kashe lasifika, a bar jama'a su rera da bakinsu.